Kabbara Huɗu a Bakin Hanyar Gazawa

Ranar da aka binne Inna Hajo ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma Allah ya sani na gwada mantawar. Lokacin ƙasa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, ni kuma ina sabon mushe, wato malamin boko, a lakol ɗin wani ƙauye kusa da Gazawa, ina ganin duk wani ci gaba da zai shigo garin ta hannuna zai biyo. Har tabarau na saya, alhali idona lafiyarsa lau.

A hutun da ya gabata na tsallaka Katsina, na ga 'yar rediyon nan ta hannu da mutum biyu ke magana da juna daga nesa, wadda can suke kira oba-oba. Mai kanti ya fito mini da iri biyu. Ɗaya baƙa ce mai nauyi, sai ka danne maɓalli kake magana, kana saki ya dawo da kansa ka ji amsa. Ɗayar tana sheƙi, kuma tana da 'yar sakata a gefen maɓallin, in ka tura ta sai ya zauna a danne, yatsa ya huta. Mutumin ya ce, "Malam, ka kiyayi sakatar nan. In ta shiga, kai za a ji, kai ba ka jin kowa." Na ce na gane (ni da ke koyar da 'ya'yan mutane za a koya wa danna maɓalli?), na ɗauki masu sheƙi guda biyu. Na ce don farauta da zagayen gona na saye su, amma gaskiyar magana don a gan ni da su ne.

Inna Hajo yayar surukina ce, uban matata. Ta rasu da asuba, tsakiyar bazara. Ɗanta guda ne, Isa, kafinta a Maradi, kuma ta sha roƙon kada a sallace ta ba ya nan. Aka ba direban motar farko saƙo. Liman ya ce saboda zafi ba za a wuce la'asar ba, sai fa in an tabbata Isa ya sauka a babbar hanya, to a jira shi ya ƙaraso. Tsakaninmu da hanyar kilomita uku ne na rairayi.

Aka ce a aika mutum da doki ya jira shi. Ni ne na matsa kusa da liman na ce ba sai an wahalar da doki ba, ina da abin da ya fi doki sauri. Ni zan tsaya bakin hanya da ɗaya, a bar ɗayar a gida.

To babban mutumin gidan makoki shi zai riƙe ta, wato surukina. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon fuskarsa ba, in na hango shi hanya nake sakewa (har yau da ya daɗe da rasuwa bakina bai iya kama sunansa). Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na miƙa masa ina kallon ƙasa. Na ce, "A danna nan, Baba." Saura in ce ya saki in ya gama, kada ya taɓa sakata, ya yi shiru ya saurare ni. Ta ina zan fara ce wa surukina ya yi shiru? Na miƙe na fice.

Ina isa gindin gawon da motoci ke tsayawa na kunna tawa, sai ga muryarsa tangaran.

"Salamu alaikum, Mushe. Ka isa lahiya? Ina gajiya? Ya zahin ga?"

Na danna, na amsa da ladabi, na saki. Bai ji ni ba. Ya sake gaisuwar tun daga farko, sannan ya ce wa wani, "Bai kai ba tukuna." Na ji ƙugin tufa, alamar ya jefa ta aljihun gaba. Daga nan komai na gidan ya riƙa zuwa mini, masu ta'aziyya, kukan mata, har tarinsa. Ya tura sakata.

Ga abin da ya fi damuna har yau. Da sauran wajen awa biyu kafin la'asar. Da na koma na gyara na dawo, da na isa. Amma komawar tana nufin in tsaya gaban jama'a in nuna wa surukina ya yi kuskure, in kuma nuna ni ban koya masa ba. Sai na zauna ina ce wa kaina ai zai lura.

Motar ta tsaya ana idar da la'asar. Isa ya diro, ƙura har gira.

"Mushe, na iske?"

Na ce ya iske. Na danna na kira Baba, na kira liman, na yi da Hausa, na koma Faransanci kamar harshen ne matsalar. Ina sakin maɓalli muka ji liman yana cewa, "Rana ta yi. Mushe bai ce komi ba?"

Surukina ya ce, "Ko tari bai yi ba, ga abin nan aljihuna. Yaron bai zo ba. A sallace ta."

Isa ya zura da gudu cikin rairayin, taku kamar ashirin, sai ya ji ana cewa a daidaita sahu. Ya tsaya. Ya dawo a hankali, ya buga tafukansa a ƙasa ya yi taimama, ya dubi gabas. Ya ce, "Ɗaga ta sama in ji."

Na ɗaga. Kabbara huɗu ya bi daga hannuna, hawaye na wanke ƙurar fuskarsa. Ko sallar ta yi ko ba ta yi ba, ban taɓa samun ƙarfin tambayar malamai ba.

Muka iske an rufe kabari ana ɗora ƙaya. Da Isa ya ce duk mun ji, surukina ya zaro rediyon ya juya ta a hannunsa. Na matsa na zare sakatar da farce, ta yi ƙas, gaban mutanen gari kakaf. Ranar ya fara duban tsakiyar idona.

"Iyakarta ke nan? Mi ya hana ka hwaɗa mani?"

Na so a ce Isa ya zage ni, ko ya shaƙe ni. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Bar shi, Baba. Ba don abin ga nashi ba, ko kabbarar ba ni ji." Zagi ya fi mini wannan sauƙi.

Na daɗe ina kiran abin da na yi ladabi, daga baya na yarda fuskata kawai na tsare. Tun daga ranar, ko fitila zan ara wa mutum sai na nuna masa yadda ake kunnawa da yadda ake kashewa, in sa ya yi a gabana, ko da ya haife ni. Yanzu a garinmu an san ni da tsohon nan mai bayanin tsiya, har tsallake ƙofata ake yi a je aro maƙwabta. Na yarda da sunan.