Aikin Goggo Delu a Wayar Mati

A unguwarmu ta Bakin Rafi akwai wani bawan Allah mai suna Mati, wanda in ka ce ya jira ka a gindin ɗorawa, ko ruwa ake da ƙanƙara a can za ka same shi. Yana zaune da matarsa Tasalla da Goggo Delu, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi. Goggo ungozoma ce tun da ƙuruciyarta, kuma ita ke yi wa mata wanka idan sun rasu. Ko naman suna aka aiko mata, rabarwa take yi. Yanzu ido ya yi rauni, haihuwa ta koma asibiti, ba mai sallama a ƙofarta. Abin yana cin ta, tana tsoron a manta da ita tun tana raye.

Wata rana ƙungiyar ci gaban gari ta raba wayoyi masu manhajar da ke ajiye duk aikin sa kai da mutum ya yi a rayuwarsa, wai bayan girbi za a karrama mutane. Ta unguwarmu ta faɗa hannun Mati, don ranar kowa na gona. Goggo ta shafa wayar, ta ce, "Ɗan nan, ko da sunana a ciki?" Mati ya ce, "Zai shiga, Goggo." Sakataren ƙungiya, Malam Hafizu, ya koya masa: a danna koren maɓalli in an fara aiki, kada a danna ja sai aiki ya ƙare ƙaf. Mati ya danna kore ya share harabar masallaci. Zai danna ja ke nan, iska ta zubo ganye. Ya sake sharewa, akuya ta ratsa ta bar nata. Da aka duba bayan mako guda, waya ta nuna Mati na shara ba barci ba salla, ya ba kowa rata a garin.

Wata rana Malam Hafizu ya ce dole a ɗauki hoto kafin aiki da bayansa. Mati ya gyara wa Baba Ilu makaho dangarsa tsaf, sai ya tuna bai ɗauki na farko ba. Nan take ya tumɓuke dangar ya kwantar da ita yadda ya same ta. Ya ɗaga waya, caji ya ƙare. Kafin ya dawo daga wurin mai caji, awaki sun gama da waken Baba Ilu.

Wata rana aka yi gayya a gonar Lantana, wadda mijinta ya rasu bara. An riga an gaya wa Mati cewa duk aikin da aka karɓi sakamako a kansa ba ya shiga waya. Aka kawo fura, ya kau da kai. Aka kawo ruwa, ya ƙi. Lantana ta ce, "Allah ya saka da alheri, Mati." Ya yar da fartanya ya bi ta har bakin gona. "Don Allah ki janye addu'ar nan, za ki ɓata mini aiki." Ta janye tana dariya har da hawaye, shi kuwa a amalanke aka mayar da shi gida, jiri ya kayar da shi.

Wata rana ya tuna alkawarinsa, ya je wurin sakatare a kan maganar Goggo. Malam Hafizu ya ce, "Ina hoton aikinta?" Mati ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin haihuwa da ɗakin gawa ba a shiga da waya." Sakatare na sauri, ya ce, "To ɗauko abin da aikin ya bari. Mai rijiya ya ɗauki rijiya, mai shuka ya ɗauki bishiya. Ba hoto, ba suna." Da Goggo ta ji, ta ce a bar shi kawai, amma ranar ko tuwo ba ta ci ba. Daga nan Mati ya addabi gari. Ka fito daga shago ya ɗauke ka, kana cin rogo ya ɗauke ka. Ni kaina baki a buɗe ya kama ni, har na yi masa faɗa.

Ranar karramawa aka rufe tagogin ɗakin taro, aka haska majigi a bango. Unguwanni suka nuna rijiyoyi da kwalbatoci. Da aka zo kanmu, sai ga fuskoki: mahauci, direba, liman, ni da bakina. Dariya ta ɓarke. Malam Hafizu ya haɗe rai.

"Mati, wannan wane irin shirme ne? Ina aikin?"

Bai rufe baki ba sai ga fuskarsa ta cika bango, yana sakace.

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Abin da aikin Goggo ya bari. Ita ta yanke maka cibiya. Waɗanda ta yi wa wanka kuwa, ƙofar maƙabarta kawai na samu."

Hoton ƙofar ya fito. Dariya ta ɗauke. Mahauci ne ya fara miƙewa, sai direba, sai liman, sai ni. Malam Hafizu ya cire hula ya mayar, shi ma ya miƙe. Kafin a jima, na zaune ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Goggo ba ta ganin bango, ƙarar kujeru kawai take ji. Ta laluba ta kama rigar Mati.

"Ɗan nan, an tashi ne?"

"A'a, Goggo. Aikinki ne ya miƙe tsaye."