Kwamfutar da Ta Ƙi Buɗe Kanta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je neman aiki Zonkwa ba. Ko na so mantawa ma, Anti Saratu, ƙanwar mamata, ba za ta bari ba, don har yau da wannan labarin take ba mutane dariya a wurin biki.

Lokacin da na gama sakandare, cocinmu a Kafanchan yana da ɗan ɗakin karatu a bayan ofishin fasto. A ciki akwai kwamfuta guda, mai ƙatuwar ƙeya, ana lulluɓe ta da zanen zumuntar mata. Wanda ya kawo ta ya saita ta yadda da ka danna maɓalli za ta yi ɗan gurnani, ta buɗe kanta, ta kai ka shafin rubutu kai tsaye. Ba ta tambayar sunanka, ba ta tambayar komai. A kanta na koyi buga rubutu, ina buga tsarin sujada da waƙoƙin kwaya, wato mawaƙan coci. Allah ya sani ina kewar ɗakin nan: ƙamshin tsofaffin littattafan waƙa, fanka tana kuka, mangwaro yana faɗowa kan kwano, 'yan kwaya suna gwaji a waje.

Nan da nan aka sa mini suna Injiniya, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu (har tafiyata sai da ta canza). A zatona, duk kwamfutocin duniya halinsu ɗaya da tamu.

Sai Anti ta ji ana neman mai buga rubutu a wata makarantar mishan a Zonkwa. Ina son aikin nan kamar raina, domin Mama ta riga ta ce in ban samu abin yi ba, ƙauye zan bi ta haƙar citta. Muka shiga bas, Anti tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da mu cewa 'yarta ta haddace kwamfuta.

Shugaban makarantar wani dattijon Rabaran ne mai sanyin magana. Ya nuna mini kwamfutar ofis, ya ce in kunna in buga masa shafi ɗaya. Na danna maɓalli da yanga. Maimakon shafin rubutu, sai ga shuɗiyar fuska da ɗan farin akwati a tsakiya, wani ɗan layi yana ƙyaftawa a ciki. Ban taɓa ganin irinsa ba. Sai na harɗe hannu, na jingina da kujera, ina jira.

Da shirun ya yi yawa, Rabaran ya tambaya ko ina bukatar wani abu.

"A'a, Baba," na ce, "a ba ta lokaci, za ta shiga da kanta."

Ban tsaya nan ba. Na yi masa bayani, ni gwana, cewa wasu kwamfutocin suna da nauyin jiki da safe. Anti daga bakin ƙofa ta ƙara mini gishiri: "Ku bar shi, Baba, yarinya nan ya san aikin shi."

Muka ci gaba da jira, mu uku. Na kashe ta daga bango na sake kunnawa, akwatin ya dawo. Na ɗan bubbuga mata ƙeya kamar tsohuwar rediyo. Duk da haka bakina bai mutu ba. Na juyo na sanar da Rabaran, cikin tausayawa, cewa kwamfutarsu ta lalace, sai an kai ta Kaduna.

Bawan Allah bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ya taso, ya gyara tabarau, ya danna wasu haruffa da yatsa ɗaya. Kwamfuta ta buɗe.

"Faswod take jira, 'yata, kalmar sirri. Da kin tambaya, da na gaya miki."

Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Ya dai bar ni na buga shafin, amma ko sunan makarantar sai da na ɓata. Ya raka mu ƙofa, ya ce a gai da gida. Ban samu aikin ba, kuma a shekarar nan na haƙi citta har tafin hannuna ya yi kanta.

A bas ɗin dawowa, da muka kusa gida, Anti ta kira mai talla. Ta saya mini dafaffiyar gyaɗa, ta ɗora mini a cinya, ta ce ba rashin sanin ne ya dame ta ba, yadda na zauna na harɗe hannu ne kamar uwar amarya.

Yanzu shekaru sun ja, a ofis nake aiki, faswod ɗin da ke kaina sun fi yawan 'ya'yana. Amma tun daga Zonkwa, in abu ya tsaya yana kallona ina kallonsa, ba na jira kuma ba na yin bayani. Cewa nake "ban sani ba, a nuna mini." Faɗin hakan da ɗaci, amma bai kai haƙar citta ba.