Ƙwandala Mai Sa a Kife

"Har yanzu kana numfashi, Papu? Ni na zo in ga ko kujerar nan ta zama tawa."

"Ina nan daram, uwar surutu. Wa ya kore ki daga aiki da hantsin nan?"

Evanthia ce, jikar maƙwabcina Aristos da take kira Papu, wato kaka, ta faɗo mana baranda da garin fulawa a gashinta. Daga gidan burodin da take aiki a bakin tashar jiragen ruwa ta garin Volos take. Ni da tsohon muna shan kofi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kwandasta a motar safa, kuma ba ƙwandalar da ta taɓa shiga tafinsa bai leƙa ta gaba da baya ba. A nan ya ƙware wajen gane wadda aka yi kuskure a bugunta.

Ta dire ƙwandalar yuro biyu kusa da kofinsa.

"A cinikin safe na same ta. Wani mai jar hula ya hango ta a hannuna ya ce zai ba ni ashirin. Ƙarfe sha biyu zai dawo. In sayar?"

"Ashirin a kan wannan? Ai ke ya gani, kuma da alama idonsa ba lafiya."

"Idon wa ke ba lafiya? Kai da ka gai da falwaya ranar Lahadi, har da cire hula?"

"Ta fi ki ladabi, ba ta mayar mini da magana ba."

Ya ɗauko madubin da yake duba ƙananan rubutu da shi, ya kara a fuskar da ke da hoton wata mata zaune a kan bijimin sa.

"Ka ga ɗan harafin da ke cikin tauraron da ke can ƙasan hoton?" in ji ta. "A waya an ce mai irinsa dubu biyar take."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Waya! Wannan alamar ƙasar da aka ba aikin bugawa ce, yarinya. Miliyoyi aka buga. Ina da kwalba guda cike da su, da ita nake tokare ƙofa. Ki je ki karɓi ashirin ɗinki kafin mutumin ya warke."

"Madalla, ashe da sauran ƙwaƙwalwa. Gwada ka nake yi. To juya ta."

Ya riƙe ta sama da ƙasa, lambar biyu na tsaye, ya juya ta kamar mai buɗe ƙofa. Sai ga san nan ƙafafu a sama, matar kai a ƙasa, maimakon su fito a tsaye. Ya sake juyawa. Ya kuma sakewa. Na lura kofinsa ya huce bai sani ba.

"Me ya faru, Papu? Haƙoran sun faɗa maƙogwaro ne?"

"Yi mini shiru. Akwai 'yan damfara da ke ɓalle tsakiyar daga zoben da ke kewaye da ita, su murɗa ta su mayar."

"Sai ka duba taswirar da ke ɗaya fuskar. In an murɗa, layin tsakiya ba zai haɗu da na zobe ba."

"Wa ya koya miki?"

"Wani tsoho mai ƙwauron alewa, da ya hana ni wasa ina shekara bakwai."

Ya duba, layi ya haɗu da layi. Ya bi rubutun gefe da farce, babu sawun guduma ko filaya. Ya aike ni ɗaki na ɗauko masa ɗan sikelinsa: giram takwas da rabi cif, nauyin ta gaske.

"Hatimin ne ya juye a gidan buga kuɗi," ya ce a hankali. Sai kuma ya gyara murya. "Amma ta sha hannu, ta dushe. Don ke jinina ce, zan ba ki yuro biyu sabuwa fil, in ƙara miki da fanken alayyafo."

"Fanken da ni na kawo maka jiya? Ɓarawo da sanda!"

"To uku."

"Faɗi gaskiya, maƙwabcinka na ji."

Ya harare ni kamar ni na haife ta. "Kada ki sallama ƙasa da ɗari da hamsin. Mai jar hular ya san abin da ya gani. Kuma in kika kuskura kika goge ta da toka don ta yi ƙyalli, kin kashe ta, ni kuma na cire ki daga zuriyata."

"Shekara talatin da ɗaya kana lalube aljihun fasinja, ka taɓa samun irinta?"

"Na samu waɗanda suka fi..."

"Papu."

Ya fashe da dariya yana dukan gwiwa. "Ban taɓa ba, ja'ira! Ko sau ɗaya!"

Ya miƙe da ƙyar ya shiga ɗaki. Muka ji yana jan aljihun tebur. Ya fito da wani ɗan akwati mai murfin gilashi, cikinsa jan ƙyalle, babu komai a kai.

"Tun zamanin kuɗin darakma, kafin yuro, na saye shi. Na ce sai ranar da na tsinci mai juyayyen hatimi zan buɗe."

Ya kwantar da ƙwandalar a ciki da yatsu biyu, ya rufe, ya danƙa mata.

Evanthia ta daɗe tana kallon akwatin. Ta sunkuya ta sumbaci sanƙonsa.

"Ba zan sayar ba. Amma duk ranar da kake son gani, kuɗin kallo yuro ɗaya ne."

"Tsofaffi rabin kuɗi muke biya," in ji shi. "Fita mini daga gida, burodinki na ƙonewa."