Ranar da Na Koya wa Unguwa Dafa Gwaza

Shekarar da fara ta cinye gero, matan unguwarmu a Haɗeja suka kafa tukunya ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa, kowa ya kawo abin da ya samu, a dafa a raba. Lokacin ban daɗe da barin aikin kuku a gidan wani Bature ba, ina ji da kaina. Da aka kawo kwandon gwaza daga fadamar Kirikasamma, sai na naɗe hannun riga na ce yau zan koya musu girki.

"Kuna kashe abinci da wuta," na ce. "Bature ba ya barin dankali ya dahu lugub."

Gwaggo Falmata mai kula da tukunyar ta ce, "Ɗan nan, wannan fa ba dankali ba ne."

Na yi mata murmushin wanda ya ga duniya. Ruwa na tafasa na sauke.

Ana cikin yunwa, ba wanda ya tsaya ɗanɗanawa. Can sai ƙaiƙayi ya taso wa kowa. Liman ya kai hannu maƙogwaro, yara suka fashe da kuka suna kartar harshe. Na ɗaga ido, unguwa guda na susar wuya tana kallona. Na jefa loma don in ƙaryata su. Wallahi kamar na haɗiyi ƙarangiya.

Gwaggo ta mayar da sauran kan wuta, ko kallona ba ta yi ba.

Yau gemuna fari fat, amma ko a jana'iza na miƙa wa mutum hannu, sai ya sosa maƙogwaro kafin ya karɓa. Jikokina ma haka suke gaishe ni, a zatonsu ladabi ne.