Ɓarawon da Ya Iya Dara

Wani ne ya sayi kwamfuta ya kafa ta a falo, ba don aikin komai ba sai don buga dara ta intanet da ƙanin matarsa. Kuma Allah bai ba shi sa'ar wasan ba ko ta ƙwayar zarra. Kullum sai yaron nan ya lallasa shi, har ya laƙaba masa suna Sha-kaye. Sunan ya bi dangi, har surukarsa in ta kira waya sai ta ce, "Ina Sha-kayen, ya tashi lafiya?" Abin yana ƙona masa rai ba kaɗan ba.

Ran nan suna tsakiyar wasa, an kusa gamawa da shi, ya tashi ɗauko ruwa. Yana dawowa ya ga kibiyar nan ta kan allon kwamfuta tana yawo ita kaɗai. Ta buɗe nan, ta leƙa can, ba ta samu komai ba sai hotunan suna da na biki. Can ta dawo kan dara ta tsaya, kamar mai jin tausayi. Sai ta ja ƙwaya ɗaya. Kafin mutumin ya rufe baki ta cinye wasan tas.

Ya ƙwala wa matarsa kira. Tana gani ta dafe ƙirji.

"Maigida, ai ɗan kutse ne! Daga wani wuri yake juya maka kwamfuta. Ɓarawo ne fa!"

"Ɓarawo? To me ya ɗauka?"

"Bai ɗauka ba tukuna."

"To ki daina ɓata sunan bawan Allah."

Daga ranar, in lokacin wasa ya yi sai ya kunna kwamfuta, ya goge mata ƙura, ya koma gefe ya harɗe hannu. Ɓarawo ya zo ya yi aikinsa. Mutumin ya kira ƙanin matar yana ƙyaƙyata dariya: "Yaro, dā ma raga maka nake yi!"

Ƙanin ya ƙule. Ya ce, "Yaya, mu yi na raba gardama ranar Asabar, dangi su zama shaida. Wanda aka ci, shi ne Sha-kaye har abada."

"Na yarda! Ka gayyato har maƙwabta."

Ita kuwa matar hankalinta bai kwanta ba, don hotunanta na cikin kwamfutar. Ana jibi wasa ta faki idonsa ta kira mai gyara. Mijin ya dawo daga kasuwa ya tarar da mai gyaran yana tattara kayan aiki.

Mai gyara ya ce, "Ranka ya daɗe, ka auna arziki. Lambar sirrinka ɗaya, biyu, uku, huɗu ce, ko akuya ta shiga. Na canza, na toshe ko'ina. Wannan ɗan kutsen ba zai ƙara leƙowa ba."

Mutumin ya ɗora hannu a ka. "Wa ya aike ka? Buɗe masa!"

"In buɗe wa ɓarawo?"

"To ba ka da lambar wayarsa? Ka ba shi haƙuri, ka ce ba da sanina ba ne!"

Mai gyara ya ɗauki jakarsa ya fice yana waiwaye.

Mutumin ya mayar da lambar sirrinsa ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya bar kwamfuta a kunne, har ya juyo ta wajen taga ko za a hango. Shiru.

Asabar ta zo, falo ya cika da dangi. Ƙanin yana can gidansa, aka fara. Mutumin ya harɗe hannu yana jira. Kibiya ko motsi. Dole ya kama linzamin kwamfuta da kansa. Ai kuwa aka yi masa cin da ko a dā ba a taɓa yi masa irinsa ba. Surukarsa ta yi dariya har da hawaye.

Ya zari makullin babur, sai gidan ƙanin. Ya banka ƙofa ba sallama. Ga yaro kwance a doguwar kujera, hannuwa a ƙeya, kibiya tana ta yawo ita kaɗai a kan allonsa.

Ƙanin ya ce, "A'a, Sha-kaye, lafiya?"

"Lafiyar ƙaniya! Ka rasa abin da za ka sace min sai ɓarawona?"