Rasuwar Talatu, Jitar Muntari

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya ƙi lafawa, Muntari Haruna na sashen rini a wata masaƙa da ke Sharaɗa yake sanar da 'yan'uwa, abokan aiki, da maƙwabtan da suka daɗe suna fatan ganin wannan rana, rasuwar jitarsa mai lantarki, Talatu, a daminar nan ta 1982.

Ranar Talata ya karɓo ta daga hannun wani makaɗin otal a Sabon Gari, shi ya sa ta ci sunan. Ja ce jawur, da ɗan tabo a ƙugu. Marigayiya mai haƙuri ce. Kullum Muntari da yatsu shuɗi yake dawowa daga aiki, ya damƙe ta haka nan, har wuyanta ya rine, ba ta taɓa nuna ƙyama ba. In ba wuta, a hankali take magana, tirin-tirin. In aka kawo wuta aka jona ta da lasifika kuwa, waaauuun ɗaya za ta yi, kajin Hajiya Asabe mai gidan haya su haye katanga.

Muntari ba ɗan ƙungiyar kiɗan kowa ba ne. Shi ke tsara waƙoƙinsa, shi ke rerawa, a kan jiniyar canjin aiki da hannun da sabulu ya gaza wankewa. 'Yan Sabon Gari suka ce sai ya koma Turanci. Mutanen unguwa suka ce in kiɗa yake so ga garaya nan, wannan ihu ne. Mutum ɗaya tak ya ji abin ya shige shi: Alhassan, abokin ɗakinsa, mai kula da tukunyar tururi a masaƙar, ɗan gidan makaɗa daga wani ƙauyen Gumel. Shi ke kifa tsohon durom ɗin rini yana raka ta da tafin hannu.

Ciwon ajali ya soma ne da ruwan Agusta. Ɗaki na yoyo, danshi ya kama ta, murya ta dishe, sai gur-gur. Ga shi sun aro rikoda za su ɗauki kaset ɗinsu na farko. Alhassan ya tashi yana ganin mahaifinsa, duk lokacin da sanyi ya kashe muryar ganga, yana kara ta kusa da wuta har ta dawo tangaran. Bai shawarci kowa ba, don so yake ya faranta wa abokinsa rai. Ya naɗe Talatu a buhu, ya tafi da ita aiki, ya jingina ta da tukunyar tururi. Kafin jiniyar tashi, wuyanta ya lanƙwashe kamar lauje, fenti ya yi bororo, wayoyin cikinta sun narke. A rungume ya kawo ta gida. Muntari ya jona ta. Ta ce ƙit. Daga nan ba ta ƙara ba.

Abin da Muntari ya faɗa wa Alhassan a tsakar gida, gaban kowa, bai dace da wannan sanarwa ba. Har gidan su Alhassan ya taɓo, da sana'ar mahaifinsa. Alhassan ya shiga ɗaki. Ya naɗe tabarmarsa ya fita. Wasu sun ce yana wajen danginsa a Bompai, wasu sun ce an gan shi a tashar motar Gumel.

Marigayiya ta bar lasifika guda da ta yi tagumi a lungu, da guntun robar bokiti da ake kaɗa ta da shi, da waƙoƙin da ba su taɓa shiga kaset ba. Ta bar Muntari, wanda abinci ya daina yi wa daɗi. Yakan ɗauko waƙa da baka yana juya yadi a ruwan rini, ya rera lafiya lau, sai ya zo daidai inda durom ke shigowa ya tsaya cak. A nan ya gane rabin kowace waƙa a hannun Alhassan yake. Wannan ya fi mutuwar Talatu yi masa ciwo, kuma bakinsa ne ya jawo.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi bayan la'asar, a ƙofar gidan Hajiya Asabe da ke bayan masaƙa. Ana roƙon Liman ya kwantar da hankalinsa, ba za a yi mata salla ba, kowa ya san katako ce. Hajiya, wadda ta fi kowa tsine wa marigayiya, ta yi alkawarin kunu, don ta ce shirun gidan ya dame ta. Za a naɗe Talatu a turmin atamfa a rataye ta a bango, amma Muntari ya ce ba mai naɗe ta sai wanda ya kawo ta gida a rungume. Duk wanda ya ga Alhassan, don Allah ya gaya masa an share gefensa na ɗakin, durom na nan inda ya bar shi. In bai zo Lahadin nan ba, an ɗage zaman zuwa ta gaba, da wadda ke biye mata.