Ranar da Kaka Hasiya Ta Kalli Husufi

"Lafiya lau na kwana, angon da ba ya cefane. Yau kuma da wace ƙarya ka zo?"

Kaka Hasiya ke nan, take amsa gaisuwar yayana Mustapha. Ni Hussaina ina gefen rijiya ina wanke-wanke, kunnena na wajensu. A gidanmu na unguwar Abattoir ba mu da rediyon da ya fi waɗannan biyun. Tun da Mustapha ya koyi shiga kafen intanet, kullum sai ya ɗebo mana labarin da ba wanda ya aike shi.

Safiyar nan ta watan Maris ɗin 2006 duk Jos zancen husufin rana ake. A gidanmu kuwa akwai zancen da ya fi shi daɗewa: yanar ido ta rufe wa Kaka gani, likita ya ce a yi aiki kafin abu ya ɓaci, ita kuma ta ƙi ƙememe. Wai garau take gani. Mai gani garau ɗin ce ranar nan ta gaida buhun dankali, ta tambaye shi ya iyali.

"Ba ƙarya, amarya," in ji Mustapha. "Gilashin walda na aro miki wajen Amusa na Tina Junction. Da shi ake kallon husufi, in ba haka ba ido ya ƙone."

Ya ajiye shi kan tabarma, kusa da gutsuren madubin da take sa kwalli da shi.

"Oho, lefen ke nan? Baƙin gilashi, shi ma na aro?"

"Ya dace da ke ai. Kin ga kwallinki na yau kuwa? Ya kusa shiga kunne."

"Yayi ne, ɗan ƙauye. Wa ya ce maka ma za a yi husufin?"

"Masana. Tun kafin a haife ni suka lissafa ranar."

"Su lissafa min ranar da za ka yi aure mana, in huta da ganin wannan kai naka mai kama da kabewa."

"Ke kika riƙe ni. Kin san hasken nan da ke dukan ki, minti takwas ya yi a hanya kafin ya iso daga rana?"

"Ashe ita ma makara take yi, kamar kai a sallar asuba."

"Wata ne zai gifta tsakaninmu da ita. Watan da mutane suka taka da ƙafarsu. Har yau sawunsu na can, don babu iskar da za ta share."

"Ƙazamai! Sun je gidan mutane sun bar sawu. Ba mace a tafiyar ko?"

"Babu."

"Na sani."

"Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta farko kuma, ɗaki guda ta cika."

"Kai ma ɗaki guda ka cika, me ka ƙulla? Yaro, ni na ga husufi tun ana haƙar kuza da kwano. Gwangwani muka yi ta kaɗawa har aka sasanta rana da wata a sama. Ba mu ari gilashin kowa ba."

"Shi ya sa ga idon nan. Kaka, ranar Litinin likitan ido yana zama."

"Ya zauna lafiya. In an wanke min ido me zan gani? Kai? Allah ya rufa min asiri ya sa min labule, ka ce a yaye?"

Haka take yi kullum. Da an taɓo asibiti sai ta mai da zancen wasa, shi kuma gogan ya biye mata, a tashi ba a tsai da komai ba. Abin yana ba ni haushi ƙwarai.

Ana cikin haka hantsi ya fara laushi. Haske ya koma kamar na la'asar sakaliya, wani sanyi-sanyi ya sauko, kajinmu suka taru a bakin akurki suna shawara. Masallaci ya kira salla. Daga bayan katanga Mama Taibat maƙwabciyarmu sai salati take.

"Shi ke nan," in ji Kaka, "masu ɗauke wuta sun samu tsani."

"Ɗauki gilashin ki duba, amarya, kafin ta wuce."

Kaka ta laluba tabarma, ta ɗauka, ta kara a ido, ta ɗaga kai sama da ƙasaita.

"Allahu akbar! Ga ta nan. An gutsure ta kamar ƙosai."

"Ta wane gefe?"

"Ta gefen da ya ga dama. Kai, har da wani ja-ja a baki-baki. Na ma hango sawun ƙazaman nan naka."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga fuskar Mustapha. Ba dariya yake ba. Baƙin gilashin Amusa na nan kwance kan tabarma inda ya ajiye shi.

"Kaka," ya ce a hankali, "madubin kwallinki ne a hannunki."

Kaka ta sauke hannu, ta shafa madubin gaba da baya. Ni dai tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"To, ba ni naka ɗin."

Ya miƙa mata, ya riƙe haɓarta ya saita ta da rana. Ta daɗe tana dubawa.

"Me kika gani?"

"Duhu." Ta ajiye gilashin. "Ku naku husufin yau ya zo, anjima ya wuce. Nawa ya daɗe. Rabon da in ga fuskarka sosai tun ba ka da gemu."

"To me ya hana a yi aikin?"

"Tsoro, ɗan nema. Tsoro nake ji. Yanzu ko ba komai ina gane inuwarka a bakin ƙofa. In suka taɓa, ita ma ta tafi fa?"

"In aka bar shi ma tafiya za ta yi. Ni zan riƙe miki hannu har a gama."

"Da wannan hannun mai kaushin dutsen guga? A yi min allurar barci biyu ke nan."

Haske ya fara dawowa, kajin suka watse kamar ba su ba. Kaka ta goge ido da bakin mayafi, kwallin ya ƙarasa shiga kunnen.

"Yaushe za ta sake?"

"Sai bayan wasu shekaru."

"Zan jira ta. Ba za a ce duk Jos an gani, har Taibat, ban da ni ba. Litinin ka ce?"

"Litinin, amarya."

Sai ta fashe da dariya, ta lalubo hannunsa ta danƙa masa gutsuren madubin.

"Ungo tukwici. Je ka duba fuskarka ka gyara abin da zai gyaru kafin Litinin. Kar in buɗe ido in ce a mayar min da yanata."